Malfar Jaji: Darasin Nana Asma'u Kan Jan Ra'ayin Jama'a

A shekarar 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Mulki ya sauya hannu, amma bori ya ci gaba da zamansa a cikin gidaje, domin takobi ba ya tsallaka zaure ya shiga zukatan mata. Wadda ta fuskanci wannan aiki ita ce Nana Asma'u (1793-1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma matar Waziri Giɗaɗo.

Dabararta ta farko harshe ce. Ta iya Larabci da Fillanci, amma ta tsara waƙoƙin wa'azi da Hausa, harshen da matan karkara ke daka da raino da shi. Waƙa tana da sauƙin hadda, kuma tana isa inda malami namiji ba ya isa. Dabara ta biyu ita ce zaɓen manzo. Ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda dattijuwa daga kowane gari, wadda ake kira jaji, kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa Sakkwato su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure. Ta uku ta fi su zurfi: ta naɗa wa kowace jaji malfa, wadda a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Mata suka ga hular da suka saba girmamawa, sai dai saƙon da ke ƙarƙashinta ya sake.

Wani zai ce wannan wayo ne kawai, irin daɗin bakin ɗan siyasa. Akwai bambanci. Mayaudari yana ɓoye manufarsa, ya bar mutum a duhu. Asma'u kuwa ta bayyana tata, ta bar ɗalibarta da ilimin da za ta auna magana da shi.

Darasin bai tsufa ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, umarnin hukuma kaɗai bai buɗe ƙofofi ba, sai da sarakuna da malamai da matan unguwa suka shiga gida-gida da rarrashi, har Nijeriya ta rabu da cutar ta asali a 2020. Malami ko uba ko jami'i da ya dogara ga tsawa zai sami biyayya muddin yana tsaye a wurin. Wanda ke son ta ɗore bayan ya juya baya, sai ya nemi harshen mutane da kuma bakin da suka yarda da shi.