Lafiyar Iyali: Ba Duk Ɗaukewar Haila Ba Ce Kwantaccen Ciki

Ƴan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wata larura da ke ɓoye a gidajenmu, wadda take janyo wa mata zargi alhali ba su da laifi.

Sau da yawa mace takan yi ɓari, a kai ta asibiti a yi mata wankin ciki, ta koma gida lafiya. Daga nan sai haila ta ragu ƙwarai, mai yin kwana biyar ta koma ganin ɗigo na yini guda, ko kuma jinin ya ɗauke gaba ɗaya, wani lokaci tare da ciwon mara a daidai kwanakin da ta saba gani. Sai tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, a shiga jiƙe-jiƙe don a tashe shi. Idan shekaru suka wuce babu haihuwa, a ce sammu ne, ko a soma kiranta juya.

To, ga abin da yakan faru. Allah Ya yi wa mahaifa shimfiɗa a cikinta. Samanta ne ke zubowa kowane wata, tushenta kuma shi ke sake tsirowa domin ciki ya sami wurin kamawa. Bayan ɓari mahaifa takan yi laushi. Idan ƙarfen da ake kankarewa da shi ya yi zurfi har ya taɓa wannan tushe, ko ƙwayoyin cuta suka shiga, sai bangon gaba da na baya su manne wajen warkewa, kamar yatsu biyu da suka ƙone aka ɗaure su tare. Wani likitan Jamus, Heinrich Fritsch, ya fara bayyana haka a 1894, sannan Joseph Asherman ya yi cikakken bayani a 1948, shi ya sa ake kiran larurar da sunansa. Binciken likitoci ya nuna kusan mace 1 cikin 5 da aka duba mahaifarsu bayan ɓari suna da irin wannan tabo. Yawancinsa mai sauƙi ne, amma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan wankin cikin da aka yi. Tarin fuka da ya kama mahaifa ma yakan haddasa shi.

Kada wani ya fahimci cewa muna hana zuwa asibiti. Ragowar ɓari idan ta zauna a ciki tana kawo zubar jini da ruɓewa, kuma tana kisa. Abin da muke kira gare shi shi ne a je wurin ƙwararru, a kuma tambayi hanyar da za a bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kankarewa da ƙarfe, a koma ga zuƙewa da sirinji na musamman, ko ga ƙwayar misoforostol a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Wadda ta ga hailarta ta canja bayan wankin ciki, ta fara da awon ciki. Idan babu ciki, kuma wata 2 ko 3 sun wuce jinin bai daidaita ba, ta ga likitan mata. Hoton ekografi na yau da kullum ba ya cika nuna tabon. Akan gano shi da hoton da ake ɗauka bayan an zuba ruwa na musamman a mahaifa, amma hanya mafi inganci ita ce isteroskofi, wato leƙa mahaifa da siririyar na'ura mai fitila. Da ita ce kuma ake raba wuraren da suka manne, sannan a ba da magungunan da za su taimaki shimfiɗar ta tsiro. Mata da yawa sun haihu bayan wannan aiki, musamman masu tabo mai sauƙi. Mai tsanani yakan dawo, yakan buƙaci maimaitawa. Wadda kuma ta sami ciki bayan haka, lallai ta haihu a babban asibiti, domin mabiyiya takan maƙale ta janyo zubar jini.

Ya ku magidanta, nauyin yana wuyanmu. Kunya takan hana mace faɗin halin da hailarta take ciki, mu ne za mu buɗe mata ƙofar magana cikin tausasawa. Mu adana takardun asibiti, mu raka ta, mu ma mu yarda a auna mu, mu kuma tsare ta daga gorin dangi. Haihuwa kyauta ce daga Allah, neman magani kuwa ba ya warware tawakkali. Kafin a yi zancen saki, a fara zancen likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya azurta masu nema da zuri'a ta gari. Amin.