Uban da ya san izun ɗansa, me ya hana shi sanin karatun bokonsa?

A tare magidanci a Tudun Wadar Gusau, ko a 'Yandoto, ko a gindin dutsen Kwatarkwashi, a tambaye shi inda ɗansa ya kai a karatun allo. Ba zai yi dogon tunani ba, zai ce ya wuce Sabbi, ya kusa Amma, ko ya ce izu goma sha biyu gare shi. Ya san ranar da aka wanke masa allo, ya san ranar Laraba za a zo karɓar kuɗin malam, ya san Alhamis da Juma'a babu karatu. A sake tambayar wannan magidancin abin da yaron nan yake koyo a wannan makon a aji biyu na ƙaramar sakandare, ko an yi musu gwaji, ko kwana nawa ya shiga aji. Amsar da aka fi ji ita ce, "Wallahi sai dai a tambayi uwarsa." Uwar kuwa iyakar abin da ta sani shi ne ta ba shi koko da safe, ya saka kayan makaranta, ya fita. An daɗe ana fassara wannan da cewa iyayenmu ba su damu da boko ba, kuma ina ganin an zalunce su da wannan fassara. Makarantar allo tana magana da gida kowane mako, cikin harshen da gida yake ji. Makarantar boko tana magana da gida sau uku a shekara, da Turanci, a kan takardar da ba ta isowa sai bayan aikin gama ya gama.

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada. Kowace ƙaramar sakandare ta gwamnati a Gusau, Tsafe da Bungudu ta riƙa aika wa iyaye bayanin mako ranar Alhamis, da Hausa, layi huɗu ko biyar a bayan littafin rubutun yaro: abin da aka koya a lissafi da Turanci da kimiyya, aikin gida da aka bayar, ranar gwaji mai zuwa, da yawan kwanakin da yaron ya zo cikin ranakun karatu biyar da suka wuce. Sannan a farkon kowane zango a sanar da iyaye ranakun tarukan makaranta tun da wuri, kuma a cika alkawarin ranakun.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan ƙaramar sakandare shi ne a nan ne igiya take tsinkewa. Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda aka yi wa doka a 2004, ya ce karatu kyauta ne kuma dole ne har ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. Amma yaro mai shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ya kai munzalin da ƙarfinsa yake da kuɗi. Zangon farko yana faɗawa ne a kan kaka, lokacin girbin gero da dawa da roron wake, zango na uku kuma yana cin karo da shuka da noman farko. Yarinya kuma a shekarun nan ne talla take ƙara nauyi, maganar aure ta fara shigowa gida. A firamare malami ɗaya yake riƙe da aji, ya san kowa da sunan ubansa. A sakandare malamai kusan goma ke shiga suna fita, kowa da darasinsa. Yaro zai iya yin mako biyu yana barin gida da jaka yana ƙarewa a tashar mota ko gidan kallon ƙwallo, babu wanda ya lura a makaranta, babu wanda ya sani a gida. Kafin takardar sakamako ta fito a Disamba, ya rasa gwaji biyu, kuma makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda yakan kai kashi 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon tsarin makaranta, ya riga ya zube.

Abin takaici shi ne bayanin da ake buƙata yana nan a rubuce. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, don kada a jingina komai a kan jarrabawar ƙarshe. Manhajar kowane darasi a rarrabe take mako-mako. Malami yana da littafin da yake cike abin da ya koyar a makon, shugaban makaranta ko mataimakinsa ya sa hannu, fom masta kuma yana da rajistar kiran suna safe da rana. Duk wannan rubutu sama yake tafiya, zuwa ofishin shugaban makaranta, zuwa hannun sufeto idan ya zo. Ko layi ɗaya ba ya gangarowa zuwa zauren da yaron yake kwana.

An gwada irin wannan a wasu wurare, kuma an auna sakamakonsa. A jihar West Virginia ta Amurka, masana biyu, Peter Bergman da Eric Chan, sun sa an riƙa tura wa iyayen ɗaliban sakandare saƙon waya kowane mako a kan aikin da yaro bai yi ba da darasin da ya ƙaurace wa. Faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, halartar aji ta ƙaru da kashi 12 cikin 100. Kada a ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. A Botswana, lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, an riƙa aika wa iyaye 'yan tambayoyin lissafi ta saƙo tare da gajeren kiran waya mako-mako, aka ga yawan yaran da ba su iya lissafin farko ba ya ragu sosai. Ba a gina aji ko ɗaya ba a duka biyun. An dai riƙa tuntuɓar iyaye mako-mako, a lokacin da hakan zai yi amfani.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan shawara ta fito ne daga irin waɗannan bincike, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A Malawi, Rebecca Dizon-Ross, cikin aikin da ta wallafa a 2019, ta gano cewa iyaye da yawa, musamman talakawa waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, ba su san ainihin ƙoƙarin 'ya'yansu ba. Da aka bayyana musu, sai suka ƙara dagewa a kan yaran da ke ƙoƙari, suka sassauta a kan waɗanda ke baya, har ya shafi zamansu a makaranta. Duk wanda ya san gidajenmu zai gane haɗarin. A ce wa uba mai 'ya'ya tara 'yarsa ta zo ta saba'in cikin tamanin, an ba shi dalilin da yake nema na cire ta. Amma a lura, wannan haɗarin yana tare da tsarin da muke kai yanzu, domin tambayar da kowane gida yake yi a ƙarshen zango ita ce, "Na nawa ka zo?" Matsayi hukunci ne a kan ƙwaƙwalwar yaro, uba ba shi da abin da zai yi a kai sai yabo ko duka. Bayanin mako kuwa bai kamata ya ɗauki matsayi ko maki ba. Ya ce Hadiza ta zo kwana uku cikin biyar, ba ta kawo aikin lissafi ba, za a yi gwajin kimiyya ranar Talata. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan abu ne da uwa za ta iya gyarawa kafin Litinin, ko da ta hanyar ɗauke mata tallar safiya ne na kwana biyu.

Za a ce iyaye da yawa ba sa karanta boko. Gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce a rubuta da Hausa, yaron da kansa ya karanta wa mahaifinsa bayan sallar isha'i, ko yayansa ya karanta. Wanda ya iya ajami ya sa hannu da ajami, wanda bai iya ba ya dangwala. Yankin da ya haifi malaman 'Yandoto, waɗanda ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu tun kafin jihadi, ba baƙon rubutu ba ne. Yaro zai iya yin ƙarya wajen karantawa, ko ya sa wa kansa hannu, wannan ba a musu. Sai dai ƙaryar da za a maimaita kowace Alhamis har mako goma sha biyu tana da wuyar riƙewa, musamman idan maƙwabcinsa ɗan ajinsu ya kawo irin takardar gidansu. Game da nauyin da ke kan malamai kuwa, ajin da ke da yara tamanin ba zai yiwu a rubuta wa kowa wasiƙa ba, kuma ba haka ake nufi ba. Fom masta ya rubuta layukan a allo cikin minti goma na ƙarshen ranar Alhamis, yara su kwafa, shi kuma ya bi layi da rajista a hannu yana rubuta lambar kwanaki da jan biro. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata yana da haƙƙin ya ce an ƙara masa aiki, don haka ma'aikatar ilimi ta saka wannan lokaci a cikin jadawali, ta rage masa wani cike-ciken da babu mai karantawa.

Me ya sa ba za a yi ta waya ba, tunda makarantun kuɗi a Gusau sun daɗe da buɗe zaurukan WhatsApp na iyaye? Inda ya yiwu a yi, amma kada a jingina tsarin gwamnati a kansa. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka shafe makonni ba kira ba saƙo. Ko yanzu wayar gida sau da yawa tana aljihun maigida a kasuwa, mai kula da karatun kuma tana cikin gida. Littafin rubutu ba ya neman caji ko kati. Gidajen rediyo kamar Rediyon Zamfara da Pride FM za su iya taimakawa da sanarwar ranakun komawa hutu da na jarrabawa, wanda ko yanzu suna yi.

Sai maganar taruka, inda tsoro yake da hujja. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ranar 1 ga Satumbar shekarar aka ɗauki ɗalibai fiye da saba'in a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. A Satumbar 2023 aka shiga Sabon Gida, nan cikin ƙasar Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa kowa ya san haɗarinta. Shugaban makarantar da ya ƙi tara ɗaruruwan yara da iyaye a fili ɗaya, da lasifika da sanarwa, ba matsoraci ba ne. Amma taron da nake nufi ba bikin rumfuna da babban baƙo ba ne. A kira iyayen aji ɗaya kawai, da hantsi, na awa ɗaya, su zauna a kan bencin da 'ya'yansu ke zama, su buɗe littattafan, su ga rufin da ke yoyo da idonsu, su ji yaro ya karanta sakin layi ko ya warware lissafi a allo. A ware wa mata lokacinsu, domin taron iyaye da malamai a yawancin garuruwanmu taron maza ne, alhali uwa ce ta san ƙarfe nawa yaro ya tashi. Makarantun Islamiyya ba su daina walimar sauka ba duk da halin da ake ciki, sun dai rage tsawonta, sun mayar da ita cikin unguwa. Kuma a fuskar tsaro ma, makarantar da ta san iyayenta fuska da fuska ita ce za a yi wa raɗa idan an ga baƙin babura a bayan gari.

Akwai kuma abin da ya ɓata sunan taron iyaye tun kafin 'yan bindiga. Uba ya saba ba a kiransa makaranta sai don ɗaya daga cikin abu biyu, ko a karɓi kuɗi, ko ɗansa ya yi laifi. Wanda aka saba kira don haka, in ya ga takardar gayyata sai ya tura ƙaninsa ko ya ce yana gona. Kwamitocin SBMC, waɗanda aka kafa don al'umma ta sa hannu a tafiyar da makaranta, su ne ya kamata su tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: a taron duba littattafai ba a maganar kuɗi, ko na alli ne.

A 2018 ƙasar nan ta yi ta surutu da aka ji yara 28 kacal aka yi wa rajistar jarrabawar shiga makarantun tarayya daga Zamfara, kuma wasu masu sharhi iyaye suka zarga. Ban ji wanda ya tambayi iyaye nawa aka gaya wa akwai jarrabawar, da ranar rufe rajista, cikin harshen da suke ji ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, an kuma ga gyaran gine-ginen makarantu, wanda abin a yaba ne. Gini yana cin miliyoyi da watanni. Wannan kuwa takardar umarni ɗaya yake buƙata daga kwamishinan ilimi zuwa shugabannin makarantu, a fara gwadawa da makarantu kaɗan a cikin garin Gusau da Tsafe da Bungudu na zango guda, a kwatanta rajistarsu ta kiran suna da ta makarantun da ba a fara ba, sannan a karanta sakamakon a rediyo kowa ya ji.