Sabon Suna, Tsohuwar Ƙwaƙwalwa: A Lura Kafin a Sayi Waya

Kowace wayar hannu tana da wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikinta wadda ba ta wuce farcen yatsa ba, ita ce kuwa ke yin dukan lissafin wayar. Wadda ta cika kasuwannin Ikko da Ibadan a 'yan shekarun nan ita ce Helio G99, ta kamfanin MediaTek na Taiwan, wadda ta fito a 2022. Ana samunta cikin Infinix Note 30 da Tecno Camon 20 Pro, har da kwamfutar hannu Galaxy Tab A9.

Ƙwaƙwalwar tana da sassa 8 masu aiki. Biyu manya ne, Cortex-A76, masu gudun gigahaz 2.2, su ke ɗaukar aiki mai nauyi. Shida ƙanana ne, Cortex-A55, masu gudun gigahaz 2.0, su ke riƙe wayar in aiki ya yi sauƙi don kada batir ya zube. Kamfanin TSMC ne ya ƙera ta da ƙirar nanomita 6, alhali yayarta G96 ta 2021 nanomita 12 ce. Da yake ƙanƙantar wannan lamba na nufin ƙarancin zafi da cin wuta, wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga mai fama da ɗaukewar lantarki.

To, amma a 2024 sai aka fito da G100. Sassan nan 8 ba su canja ba, haka gudunsu da ƙirarsu. Babban ƙarin shi ne tana iya ɗaukar kyamara mai megafiksel 200 maimakon 108. Wato dai an sauya wa tuwo suna.

Har ila yau, duk cikinsu babu mai kama 5G, ga shi kuwa MTN ta buɗe 5G a Ikko tun 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Babu mai gyaran da zai iya ƙara wa wayar wannan daga baya.

Saboda haka 'yan'uwa masu tara gumin wata da watanni, ko masu aika wa iyali waya can gida, ya kamata su tambayi sunan ƙwaƙwalwar da shekarar fitarta kafin su ƙirga kuɗi. Wayar G99 ba ta da laifi ga mai WhatsApp da aika kuɗi, amma kada a biya kuɗin sabo a kan tsohon kaya.