Tiyatar kansar maƙoƙo: A auna kafin a yanka

Duk wanda ya saba shiga Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa GRA, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Nasarawa, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ya san matan da ke rufe kumburin wuya da mayafi suna jiran layin ganin likita. Yawancin maƙoƙo ba kansa ba ne. Amma idan gwaji ya tabbatar da ita, akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a shiga ɗakin tiyata: rabin ƙwayar za a cire ko dukanta?

Ƙwayar da ake magana a kai, wadda likitoci ke kira tayirod, tana gaban wuya ne a ƙasan zakaran wuya, da ɓari biyu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Sinadarin da take fitarwa shi ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzari. Tun a 1883 wani likitan ƙasar Suwizalan, Theodor Kocher, ya ba da rahoton cewa marasa lafiyar da ya cire wa ita gaba ɗaya sun koma kumburarru, masu kasala da nauyin tunani. Ya sauya salon aikinsa, kuma a 1909 ya samu kyautar Nobel.

A yau akwai ƙwayar magani mai suna levothyroxine da ke maye gurbin sinadarin. Sai dai wanda aka cire wa duka zai sha ta kullum har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Ga kuma haɗarin taɓa jijiyoyin murya biyu da ke bayan ƙwayar, da wasu ƙananan ƙwayoyi huɗu da ke daidaita sinadarin kalsiyam, waɗanda idan suka lalace yatsu da leɓe kan sage, tsoka ta riƙa ɗaurewa. Ga malamar makaranta ko alaramma ko ladan, murya ita ce jari.

Saboda haka ne a 2015 ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta sassauta ƙa'idarta. Ta ce idan ƙarin bai wuce santimita 4 ba, bai fita daga ƙwayar ba, kuma bai yaɗu zuwa kaluluwar wuya ba, cire ɓari ɗaya na iya wadatarwa. Da yawa daga waɗanda aka yi wa haka ba sa buƙatar magani na dindindin. Idan kuwa ƙarin ya fi haka girma ko ya yaɗu, cire duka shi ne daidai, domin sai an yi hakan ake iya bin sauran cutar da maganin ayodin mai tururin nukiliya.

Mun san Kano ba Amurka ba ce. Masu maƙoƙo a nan kan shafe shekaru suna jiƙe-jiƙe da tsagar wanzami, sai kumburin ya fara danne numfashi su zo asibiti. Akwai kuma nau'in kansar da ya fi yawa a yankunan da aka yi fama da ƙarancin ayodin, wanda allurar ɗibar samfuri ba ta iya tabbatar da shi, sai an cire ɓari an duba a ɗakin gwaji, wani lokaci a sake komawa tiyata ta biyu. Likitan da ke tsoron mara lafiya ba za ta dawo ba yana da hujjar cire duka a zama ɗaya. Amma irin wannan tsoron ya shafi ɗaya ɓangaren ma: matar ƙauyen da ba za ta dawo tiyata ba, ita ce kuma wadda kuɗin magani na kullum zai iya gagara. Wanne ne ya fi yi mata sauƙi, sai an zauna da ita za a sani.

Ra'ayinmu shi ne kada a yanke wannan hukunci bisa al'adar asibiti ko saurin rage layi. Kafin tiyata a yi hoton wuya, a ɗebi samfuri, a duba lafiyar murya, sannan a yi wa mara lafiya da danginta bayani da Hausar da za su gane. Takardar amincewa da aka sa hannu a kai ba tare da fahimta ba, ba amincewa ba ce.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da ta wadata manyan asibitocinta da ƙwararrun masu duba samfuri, ta kuma tabbatar hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA na ɗaukar nauyin wannan magani da gwajin jininsa ga duk wanda aka cire wa ƙwayar.

Ga jama'a kuma, duk kumburin wuyan da ya yi tauri, ko yake girma da sauri, ko ya zo da dashewar murya, a kai shi asibiti da wuri. Mai zuwa da wuri shi ke da zaɓi tsakanin rabi da duka. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya komawa.