AIKIN RUKUNI A MAKARANTUNMU: AMANA CE, BA JERIN SUNAYE BA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a jami'o'inmu da kwalejojinmu, har ta kai ga an daina ganin muninta. Malami zai raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni aikin bincike, amma sai mutum ɗaya ko biyu su kwana a kan aikin, sauran kuwa ba za a ga ƙeyarsu ba sai ranar miƙawa, su kawo kuɗin bugawa da lambar rajista, a jera sunayensu a bangon takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu a ganinmu wannan ha'inci ne, domin duk wanda sunansa ya hau kan aikin da bai taɓa ba, ya shaida wa malaminsa abin da ba gaskiya ba ne, kuma wanda ya rubuta masa sunan ya taya shi.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba. A shekarar 1913 wani injiniyan aikin gona na ƙasar Faransa, Maks Ringelman, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na sa mutane jan igiya. Ya tarar cewa gwargwadon yawan masu ja, gwargwadon raguwar ƙarfin da kowane ɗaya yake sawa, har idan sun kai takwas, abin da kowa yake bayarwa bai wuce kimanin rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai ba. A 1979 Bib Latane da abokan bincikensa a Amurka suka sa ɗalibai tafi da ihu, suka ga abu makamancin haka. Amma a 1981, da suka nuna wa ɗaliban cewa ana auna muryar kowa daban, sai lalacin ya gushe. Ashe tushen cutar shi ne mutum ya tabbata cewa ba mai gane rabonsa a cikin taro.

Iyayenmu manoma sun riga kowa sanin haka. A aikin gayya kowa da kunyar da ya kama, ana tafiya a jere, wanda aka bari a baya kowa yana ganinsa. Shi ya sa gayya take gama gona kafin rana ta karkata, alhali rukunin ɗalibai goma sai ya shafe wata guda a kan shafi ashirin. Taron tsintsiya ba shara.

Saboda haka muna kira ga kowane rukuni da ya zauna tun makon farko, kafin a buɗe littafi. A zaɓi shugaba bisa cancanta, ba bisa abota ko ƙarfin murya ba. A yanka aikin gida-gida, a rubuta sunan kowa kusa da rabonsa da ranar da zai kawo shi, a ba kowa kwafi. Wanda bai iya rubutu da Turanci sosai ba yana iya tattara bayanai, ko ya yi hira da mutane, ko ya kula da lissafi. Babu wanda ba shi da abin bayarwa.

Sannan a kula da magana. Tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana goma, amma tsakanin mutum goma hanyoyin sun kai 45, kuma kowace hanya kafa ce ta rashin fahimta. Buɗe zaure a WhatsApp ba ya wadatarwa idan saƙon aiki yana nutsewa cikin gaisuwa da barkwanci. A tsayar da lokacin haɗuwa, da rana kuma a fili, wanda bai ci karo da salla ba, kuma bai ware 'yan uwa mata ko masu zuwa daga cikin gari ba. A rubuta abin da aka yanke. Wanda uzuri ya same shi ya faɗa da wuri, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda ya yi sakaci kuwa a yi masa nasiha a keɓe, ba a yi da shi a bayan idonsa ba. In ya ƙi, a sanar da malami tun da sauran lokaci.

Muna kuma jan kunnen haziƙan da suke ƙwace aiki duka don tsoron kada a ɓata musu maki. Wannan ba taimako ba ne, hana ɗan uwa koyo ne. Malamai su ma su rage girman rukuni, su riƙa yi wa kowane ɗalibi tambaya a kan rabonsa ranar gabatarwa.

Waɗanda suke jera suna a yau su ne gobe za a damƙa wa asibiti da gada da baitulmali. Wanda ya saba cin guminsa tun yana ɗalibi, shi ake sa ran zai riƙe amanar jama'a.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.