Agogon Kwamfutar Banki Ma'auni Ne, Ya Cancanci Sa Ido

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haifar a farkon shekarar 2023, cinikin amfanin gona a yankin Funtuwa da Malumfashi ya ƙara karkata ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Manomin da ya kai masara kasuwar Ɗandume, ko tumatir kasuwar Danja, yakan sallama kayansa ne da zarar saƙon banki ya shigo wayarsa. Idan gardama ta taso, mai saye ya ce ya tura, mai kaya ya ce bai gani ba, babu shaidar da za a koma gare ta sai bayanan da kwamfutocin bankuna suka adana, kowane ciniki da sa'arsa da daƙiƙarsa. Ke nan agogon babbar kwamfutar banki ma'auni ne kamar mudu da sikeli.

Matsalar ita ce babu agogon kwamfutar da ke tafiya daidai shi kaɗai. Zafi da tsufa kan sa ya yi gaba ko ya yi baya, kaɗan-kaɗan, har kuskuren ya taru. Ga shi kuma kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani sukan ratsa aƙalla kwamfutoci uku: ta bankin mai turawa, da ta NIBSS mai haɗa bankunan Nijeriya, da ta bankin mai karɓa. Idan agogunansu suka saɓa, bayanan za su iya nuna kuɗi sun isa kafin a tura su, ko cinikin daf da tsakar dare ya faɗa cikin lissafin wata ranar. Mai binciken ƙorafi kuma ya rasa abin da ya riga wani.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1985 David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya fitar da tsarin NTP. Da shi kwamfuta ke tambayar lokaci ta intanet daga na'urorin da ke samunsa daga agogon atom ko tauraron ɗan'adam, ta cire jinkirin hanya, sannan ta gyara kanta. Manyan kwamfutocin IBM suna da nasu tsarin, STP, wanda kan rage wa agogo gudu ko ya ƙara masa a hankali maimakon mayar da shi baya farat ɗaya, domin kada jerin bayanai ya hargitse.

Wasu za su ce ɗaukewar sabis da wutar lantarki su ne suka fi damun ɗan kasuwa. Gaskiya ne, amma a daidai lokacin da sabis ya katse ciniki a tsakiya ne ake buƙatar lokaci ingantacce, don a san inda kuɗin suka maƙale. Haka nan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa kwamfuta tana aiki yadda ya kamata kafin kotu ta karɓi bayananta.

Tarayyar Turai ta wajabta wa kasuwannin hannun jari daidaita agogunansu da lokacin duniya na UTC tun 2018. Ya kamata Babban Bankin Nijeriya ya fito da iyakar saɓanin da ya yarje wa bankuna da kamfanonin POS, ya riƙa bincikawa, yana bayyana sakamakon ga jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina kuwa za su iya kafa na'urorin bayar da lokaci, su horar da ɗalibai a kansu. Manomin da ya jira damina guda kafin ya sayar da buhunsa yana da haƙƙin samun rasit ɗin da zai tsaya masa a gaban alƙali.