Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwa A Kan Hoton Da Ba Namu Ba

 Akwai wani al'amari da muke so mu yi magana a kansa, domin ya fara zama ruwan dare, watau ɗaukar hoto daga intanet a yi tallar kaya da shi.

Dā mai saye sai ya zo rumfa, ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebi masara ya ciza, sa'an nan a yi ciniki. Yanzu kuwa ciniki ya koma cikin waya. Yaron shago ya shiga Google, ya ga hoton masara mai ƙyalli ko wake fari tas, ya sauke, ya liƙa sunan maigidansa da lambar waya, ya watsa a Facebook da WhatsApp. Wani ma har a kan buhu da kalanda ake buga masa. In ka ce don me, sai ya ce ai a fili ya tsinta. To, mu dai mun sani buhun da aka ajiye a bakin rumfa shi ma a fili yake, amma ba wanda zai saɓa shi ya ce tsintuwa ce.

Hoto yana da mai shi, kuma a bisa doka mai shi shi ne wanda ya ɗauka. A Nijeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1988. Mai hoto ba ya bukatar yin rajista kafin haƙƙinsa ya tabbata, ko babu sunansa a jikin hoton. Haƙƙin yana ɗaukar shekara 50 daga lokacin da aka fito da hoton. Mai shi yana iya sa a cire tallarka daga intanet, yana iya kai ka Babbar Kotun Tarayya ya nemi diyya. Kada kuma wani ya ce ai mai hoton yana Ingila ko Amurka, ina ruwansa da mu. Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikin yarjejeniyar ƙasashe ta Berne, wadda ta ce a kare haƙƙin baƙo kamar na ɗan gida. Manyan kamfanonin sayar da hotuna irin su Getty Images kuwa suna da na'urar da ke bin sawun hotunansu a intanet, sai ka ga takardar neman kuɗi ta iso.

Abin ya fi muni wajen 'yan ƙwallo. Mun ga masu sa fuskar Ahmed Musa ko ta Victor Osimhen a jikin tallar shinkafa da man gyaɗa, wai don samari su waiwayo. A nan mutum biyu ka taɓa. Na farko mai kyamarar da ya tsaya a bakin fili ya ɗauki hoton, na biyu shi ɗan wasan, wanda sunansa haja ce da kamfanoni ke saye da kuɗi mai yawa. Ga misali daga Amurka. A shekarar 2009 kantin sayar da abinci na Dominick's a birnin Shikago ya buga talla yana taya Maikel Jodan, gwanin ƙwallon kwando, murna, ya haɗa da takardar rangwamen dala 2 a kan nama. Bai nemi izini ba. A 2015 kotu ta ce a biya Jodan dala miliyan 8.9. Ku lura, wannan kanti ba zaginsa ya yi ba, yabonsa ya yi, amma yabon da aka rataya wa farashin nama ya zama talla. Mu ba a za a nemi miliyoyin daloli a hannunmu ba, amma kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu kaɗai sun isa su cinye ribar kaka guda.

Sai kuma siyasa. In zaɓe ya gabato, buhunan shinkafa da na gero kan fito da fuskar ɗan takara. In shi ya ba da kwangila, ya kawo hotonsa da hannunsa, to, a karɓa a rubuce. In kuwa kai ne ka sauke daga jarida ka buga don kayanka su yi gudu, ka ɗauki kayan wani. A zaɓen Amurka na 2008 wani mai zane ya yi fastar Barack Obama daga hoton kamfanin labarai na AP. Fastar ta zaga duniya, amma sai da aka shiga kotu a 2009, ba a sasanta ba sai 2011. Ban da shari'a, akwai lissafin kasuwa. Rumfarmu ta kowa ce, mai wannan jam'iyya da mai waccan duk tuwo suke ci. Ranar da ka sa fuskar ɗaya a buhunka ka kori masoyan ɗayan, in kuma ya faɗi zaɓe, buhunan suna nan a sito suna kallonka.

Wani zai ce, su wa za su damu da ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ashirin? Gaskiya ne, da yawa sun yi ba abin da ya same su. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kuma ko ba a kama ka ba, akwai wata illa da ta fi kusa. Hoton nan ba na hatsinka ba ne. Mai saye a Legas ko Onica ya ga masara tsabtatacciya, ya turo kuɗi, mota ta sauke masa mai ƙaiƙayi da tsakuwa. Wannan da algus duk kanwar ja ce. Dillalin da ya tsaya a tsakani shi zai sha kunya, kuma amana in ta fashe ba ta ɗinkuwa da sauƙi.

Magani ba shi da tsada. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar hoto. Shimfiɗa tabarma da hantsi, zuba hatsinka a tiya, ɗauka a gaban rumfarka, a ga kayanka yadda suke. In ka ɗauki mai hoto haya, ku rubuta cewa ya sayar maka da haƙƙin hoton, domin doka ba ta karɓar wannan cinikin da baki kawai. In dole sai na intanet, akwai wuraren da suka ba da izini kyauta irin su Pixabay da Unsplash, amma a sa mai karatu ya duba sharaɗinsu, kuma a guji mai fuskar mutum ko tambarin kamfani. Wanda ya riga ya buga, ya cire tun yau. In takardar neman kuɗi ta zo, kada a yi gaggawar biya domin 'yan damfara ma suna aiko irinta, kada kuma a jefar, a kai wa lauya ya duba.

Muna roƙon shugabannin kasuwa da sarakunan dillalai su tara yaran shaguna da masu buga buhu su faɗa musu wannan. Mu da muke jin zafi in wani ya ɗinka sunanmu a buhun da ba namu ba, bai kamata mu ci guminsu masu kyamara ba.